Ki Rubuta Zariya a Jikin Kwalbar

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga autata Nusaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Injiniya, ina gaida surukanki tun ban gan su ba. Allah Ya sa jirginku ya sauka Kano lafiya, Ya tsare muku hanyar Zariya, Ya sa kin shiga gidan mijinki da ƙafar dama.

Na cusa wannan takarda a aljihun akwatinki ne don kada ki gan ta sai kin isa. Da gangan na rubuta ta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, amma inda kika je ba mai ce miki yalla, gara ki fara sabawa daga bakin uwarki. Inda kika cije, ki miƙa wa Injiniya ya karanta miki. Ba abin da zan faɗa da nake ɓoye masa.

Kin ce da zarar kin zauna za ki nemi gonakin inabin da ke wajen Zariya, ki riƙa sayen ganye, ki jiƙa shi a ruwan gishiri, ki zuba a kwalba ki sayar, ki kuma riƙa naɗa wa masu biki waraƙ inab, wato shinkafa a cikin ganyen inabi. Na yi murna ƙwarai. Wannan ganyen shi ya ciyar da ku ku huɗu, shi ya sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, shekara da shekaru. Kin ga hannuna yana naɗi tun kina rarrafe, amma akwai abubuwan da ban taɓa gaya miki ba, domin ba su yi mini kyau ba. Su zan gaya miki yanzu.

Ba a sa ni makaranta ba. Lokacin da nake yarinya takardun zamanmu a ƙasar nan ba su cika ba, abin salla kuwa da ka na haddace shi. Na yi aure ban san baƙi ko ɗaya ba. Abbanku, Allah Ya jiƙansa, yana tuƙa mota a unguwar Abhur a gidan wasu mutanen Sham. Da mai dafa musu abinci ta tafi, ya ce matarsa ta iya girki. Aka kai ni gaban tsohuwar gidan, Sitti Ummu Nizar, wata 'yar ƙaramar mace mai tabarau a rataye a wuya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin iya waraƙ inab?"

Na ce, "Na iya."

Sau ɗaya na taɓa ganin ana naɗa shi, a gidan wani biki, kuma ko ɗanɗanawa ban yi ba. Ta haɗa shinkafar da kanta, da tumatir da albasa da na'ana'a da man zaitun, ta ajiye mini kwalba biyu ta fita. Na buɗe, na zaro ganyen a naɗe kamar tabarma, na ware, na hau cikawa. Ban wanke ba. Ban san ruwan da yake ciki gishiri ne zalla ba. Naɗin ma ya fito wani kamar yatsa wani kamar dunƙule, amma ba shi ne abin kunyar ba. Da aka zauna cin abincin rana, ina daga kicin na ji shiru, sai ƙarar kofunan ruwa.

Tsohuwar ta shigo, ta ɗauki kwalbar, ta juya bayanta, ta ɗora farce a kan wani layi. Ta ce, "Me aka rubuta a nan?"

Na ce idona yana ciwo tun jiya.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "An rubuta a wanke shi sosai kafin a yi amfani da shi." Ba ta kore ni ba. Ta ja kujera ta nuna mini komai: a ɗauraye ganye ɗaya bayan ɗaya, a jiƙa a ruwan ɗumi a sauya ruwan, a yanke ɗan tsinken gindinsa, a kwantar da gefe mai sheƙi ƙasa, jijiyoyin suna kallonki. A jera a tukunya a matse, a kife faranti a kai don kada su warware. Da za ta fita ta ce, "Ya binti, 'yata, in kin gama aiki bayan la'asar, ki zo in nuna miki haruffa. Ba wanda zai sani."

Na ce mata ai na iya karatu, ido ne kawai. Shekara tara na yi a gidan nan, sau uku tana maimaita tayin, sau uku ina ƙi. Ta rasu ban koyi alif daga wurinta ba.

Don haka, Nusaiba, surukarki za ta tambaye ki ko kin iya dambu, ko kin iya miyar kuka, ko kin san yadda ake gaida manya a gidansu. Ki ce, "Ban iya ba, Mama, ki koya mini." Kunyar ta minti ɗaya ce. Wadda na zaɓa ta bi ni fiye da shekara ashirin. Kuma mace in kika ce ta koya miki, kin riga kin shiga ranta.

Akwai wata ranar da ba na mantawa a gidan. Za a yi walimar ɗaurin auren jikar Sitti Ummu Nizar, aka aike ni babban kanti da Abbanku. Tsohuwar ta ce in duba nauyin ganyen, ba girman kwalba ba. Na ce to. Da muka shiga na bar shi a wajen kayan sha, don kada in ce ya karanta mini, na je na kwashi kwalaben da suka fi girma, masu hoton gona da wata mata tana murmushi. Da muka buɗe a gida, kusan rabi ruwa ne. Ganyen kuma tsofaffi, faɗi kamar tafin hannun namiji, jijiya kamar zare, wasu a yage. Tun kafin azahar ganye ya ƙare, shinkafa tana nan tuli. Abbanku ya koma kanti cikin rana, mu kuma muka hau ƙwaƙule kabewar Larabawa muna cikawa don kada faranti ya fita da rama. Ranar ne na san lamba biyu ake sawa a jikin kwalba, ɗaya nauyin komai har da ruwa, ɗaya nauyin ganyen bayan an tsane. Mai girki ta biyun ce take nema. In kin zo cika taki kwalbar, ki auna ganyen kafin ki zuba ruwa, ki rubuta duka biyun. Matar da ta saya tana da baƙi a hanya, ta lissafa yawan da za ta naɗa.

Yanzu ga babbar.

Bayan rasuwar tsohuwar, 'ya'yanta suka sayar da gidan, na dawo Waziriyya na fara nawa. Kina firamare lokacin. In lokacin ganye ya yi, sai in je kasuwar kayan lambu da sassafe in zaɓi ɗanye, ƙanana masu laushi, in zo in tsoma a tafasasshen ruwa, in naɗa goma goma, in jera a kwalba da ruwa da gishiri da ɗan lemun tsami. Sunana ya zagaya da haka. Ana cewa na Ummu Usman, wato ni, na gida ne, ba na kanti ba.

Kin san Anti Bilkisu, nas ɗin nan 'yar Katsina da ke Aziziyya, wadda ta riƙe miki mayafi ranar bikinki. Kin tashi kin gan ta kamar 'yar'uwata. Ba ki san yadda aka yi ba. Ranar da ta fara zuwa saye ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ina da asma. Akwai wani sinadari da wasu kamfanoni ke sa wa ganyen don kada ya sauya launi, salfait sunansa. Yana tayar mini da ciwon. Naki me kike sawa?"

Na ce, "Ruwa da gishiri da lemun tsami, shi ke nan."

Gaskiya ce a lokacin. Ta yi shekara biyu tana ci lafiya.

Wata shekara bayan Babbar Salla bukukuwa suka yi yawa, ganyena ya ƙare tun da sauran watanni kafin sabo ya fito. Waya tana ta shigowa. Na kasa cewa babu. Na ji tsoron in na ce babu za su koma wajen wata, ba za su dawo ba. Na je kantin unguwa na sayo katan biyu na kamfani, na jiƙa kwalaben a baho har takardun suka saki, na ɓare su na zuba a shara. Na ce wa kaina ganye ganye ne, in an wanke ai komai ya fita. Ban tambayi kowa ba, domin tambayar za ta tona ni sau biyu.

Ranar wata Juma'a Bilkisu ta zo ɗaukar faranti, za ta yi baƙi bayan an sauko masallaci. Tana gyara ledar ta ce, "Har yanzu dai na gidan ne ko, Hajiya?"

Na ce, "Na gida ne."

Ina jin yadda maganar ta fita daga bakina, a sauƙaƙe, ko gargada babu.

Bayan la'asar mijinta ya kira. Ya ce numfashinta ya sarƙe a kan tabarmar cin abinci, abin shaƙarta bai yi aiki ba, suna asibiti. Ya ce likita yana tambayar me ta ci, shi kuma ya ce ba komai sai abincin da ta saba. Ya kira ne kawai ya tabbatar. Na ce ina zuwa.

Na zazzage kwandon shara a tsakar kicin, na tsinto takarda ɗaya da ba ta yage ba, a jiƙe, ɓawon albasa a manne. A mota na miƙa wa Abbanku na ce ya karanta mini abin da ke ciki. Ya tsaya a gefen titi ya karanta: ganyen inabi, ruwa, gishiri, sinadarin tsami, sai ya kai kan kalmar salfait. Ya ninke takardar ya mayar mini. Ya ce, "Hauwa, ba ki iya karatu ba duk shekarun nan, ko?" Na ce e. Ya ce, "Na sani. Ina jira ne ki faɗa." Ya tada mota. Da muka isa ya ce, "Ke za ki gaya musu, ba ni ba."

Na same ta a kan gado da abin iska a fuska, idanunta sun yi ja, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Na ba likita takardar. Na juya na gaya mata a gaban mijinta cewa ganyen na kanti ne, ni na cire takardar, kuma da ta tambaye ni ƙarya na yi. Ta juya fuskarta ga bango. Mijinta ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Hajiya, ki je gida." Bai ɗaga murya ba.

Allah Ya tashi kafaɗarta, kwana uku aka sallame ta. Ni kuwa na bi duk wadda na sayar wa a watan nan na gaya mata da bakina. Wasu suka ce ba komai. Wasu ba su sake kirana ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Na rufe sana'ar har sabon ganye ya fito.

Wata uku ba mu haɗu ba. Ran nan da hantsi aka ƙwanƙwasa, na buɗe na gan ta da jaka. Ta zauna ba ta sha shayin da na kawo ba. Ta ce, "Tambaya ɗaya na zo da ita. Da kin ga kalmar nan da idonki a jikin kwalbar, da kin ba ni?"

Na ce, "Wallahi da ban ba ki ba."

Ta ce, "Na yarda. Ƙaryar na yafe, sauran tsakaninki da Allah. Amma ba zan bar ki kina ciyar da mutane ba ki san abin da ke hannunki ba." Ta zaro littafin rubutu da fensir da wata kwalbar ganye daga jakar ta dire a gabana. "Daga nan za mu fara. Wannan harafin waw ne."

Duk ranar hutunta sai ta hau mota daga Aziziyya ta zo. Kalmar farko da na karanta da kaina a duniya ita ce waraƙ, ta biyu gishiri. Muka gama Larabcin jikin kwalba muka koma gefen Turancin, daga nan ta ce tunda na san baƙaƙen boko, sauran Hausa. Ina da shekara arba'in da 'yan kai. Wannan rubutun da kike gani a karkace, nata ne asalinsa.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, ranar da kayanki suka ƙare, ki ce sun ƙare. Mai saye za ta ji haushi ta tafi, wata za ta dawo wata ba za ta dawo ba, kuma za ki ci abinci duk da haka. In kuma kin yi kuskure, ki riga kowa faɗa. Ban san abin da ya sa Bilkisu ta dawo ba sai daga baya, da ta ce mini takardar nan mai ɓawon albasa ce. Ta ce da na ɓoye ta, likita zai yi ta lalube.

Akwai kuma wanda na yi miki ke kanki. Kina aji biyu, kin fara haɗa baƙi, muka shiga kanti kika ɗauko kwalba kina karanta mini da ƙarfi, kina murna. Kika ce, "Ummi, karanta wannan, ya yi mini tsawo." Akwai mata biyu a kusa. Na buge miki hannu na ce ki daina taɓa kayan mutane. Daga ranar ba ki sake kawo mini littafinki ba. Wataƙila kin manta. Ni ban manta ba. Ba ki yi laifin komai ba, tsorona ne ya buge ki. Ki yafe mini. In Allah Ya ba ki naki, suka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ku zo mu nema tare.

To, ga dalilin da ya sa na zauna rubutu. Makon da ya wuce, ranar da ƙawayenki suka zo sallama, kin nuna musu a waya takardar da kika tsara wa kwalbarki. Na leƙa ta kafaɗarki. Ganyen ya yi kyau, sunanki ya yi kyau. A ƙasa kin sa "Daga Jidda", kin ƙara "Ganyen Sham na asali". Da na ɗaga gira kika ce, "Ummi, can in ba su ga sunan waje ba, ba sa saya." Ban ce komai ba saboda mutane.

Habibti, ke ce daga Jidda, ganyen ba daga Jidda yake ba. A Zariya zai tsiro, manomin Zariya ne zai ba shi ruwa. Ki rubuta Zariya. In kina so ki sa cewa hannun da ya haɗa a Jidda ya koya, wannan gaskiya ce, ki sa da manyan baƙaƙe. Na san ba cuta kika nufa ba, kuma na san sunan gari ba zai kwantar da kowa a asibiti ba. Amma nima da ƙaramar na fara. Wadda ta kama ki a layi ɗaya ba za ta yarda da sauran layukan ba, alhali a cikinsu akwai wanda lafiyarta ta rataya a kai.

Ki jera duk abin da kika zuba, ko ɗigon lemun tsami ne. Ranar da kika cika kwalba ki rubuta kwanan watan a ranar, kada ki ce sai gobe, kwalabe kama suke yi da juna. Ki sa ranar da za a daina ci. Ki rubuta a wanke kafin a naɗa, a sa a firji bayan an buɗe, ruwan ya rufe ganyen. Kada ki tsaya a Turanci, ki sa Hausa a gefe, da baƙaƙen da tsohuwa za ta gani ba tabarau. In mace ta juya kwalbar tana kallo ta daɗe ba ta ce komai ba, kada ki tambaye ta ko ta iya karatu. Ki karanta mata kamar hira kike yi. Ki je hukumar da ke duba abinci a can ki yi rajista tun kafin kwalba ta farko ta fita, Injiniya ya san hanya.

Wajen manomi kuma, shi 'ya'yan inabi yake nema, ganye bai dame shi ba, don haka yana fesa magani yadda ya ga dama. Ki tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe, ki tambaya da ladabi, ki kai masa faranti ya ɗanɗana ya ga abin da ganyensa ke zama. In kun saba, ki roƙa ya ware miki layi biyu da ba za a fesa ba. Ki tsinka da safe, ƙanana, waɗanda in kin ɗaga su rana tana ratsawa. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ruwanta ya yi kauri, ki zubar, kada ki ɗanɗana, kada ki ba mai aiki.

Da farko za su yi dariya, za su ce ganyen inabi kuma ake ci. Ki bar su su yi. Ki naɗa ƙanana, ki sa lemun tsami da yawa da ɗan yaji, ki kai gidan suna a kyauta. Mutanen da suke cin zogale da rama ba za su daɗe suna gudun ganye ba. Ni ina ganin nan da 'yan shekaru matan Zariya za su riƙa gardama a kan wa ta fi iya naɗi, suna cewa ai abincinsu ne tun asali. Hannunki ya fi nawa sauri, kanki ya fi nawa ilimi, kuma kin fara daga inda ni na kai bayan wahala.

Abu ɗaya nake roƙo. In kwalbar farko ta fito, ki ba wani mai zuwa Umara ya kawo mini ɗaya, a naɗe a zane don kada ta fashe. Zan kira Bilkisu ta zo, in sa tabarau, in karanta mata ita daga sama har ƙasa, sannan in naɗa mata ta ci.

Allah Ya tsare ki a fita da shiga. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya sa albarka a tukunyarki, Ya sa duk wanda ya ci daga hannunki ya tashi lafiya. Ya ba ku zaman lafiya ke da Injiniya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Yayanki Usman da matarsa suna gaishe ki. Ki riƙa salla a kan lokaci, ki riƙa kirana ranar Juma'a.

Wassalam.

Umminki,
Hauwa, Ummu Usman